Na Ɓoye Takardar Birki, Aka Ɗora wa Tsohon Direba Laifi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Na san wasu za su zage ni idan sun karanta, ban hana kowa ba, na cancanta. Roƙona ɗaya ne, ku bari sai kun kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don akwai ran mutum a cikin maganar nan, kuma kwana biyu kacal suka rage mini.

Ni mutumin Gwandu ne, ina da mata da 'ya'ya biyu. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni, ya sa ni makaranta, ya yi mini aure. Kawu yana da manyan motoci na ɗaukar kaya. Da kaka muna kwaso shinkafa shanshera daga fadamun wajen Diggi mu kai wa masu injin casa, idan lokacin albasa ya yi mu koma kanta. Kawu bai yi boko ba, saboda haka da na gama karatu ya ɗora ni a kan garejin. Duk wata takarda da za ta shigo, ta hannuna take bi. Abin da na karanta masa shi ya sani, wanda ban karanta ba, babu shi a duniya.

A cikin direbobinmu akwai Baba Manu. Tun kafin a haife ni yake tuƙa wa Kawu mota, shi ya kai ni makarantar kwana ranar farko, akwatina a gaban motarsa. Mutum ne mai shiru, idan ya tada inji ya kasa kunne sai ya faɗa maka abin da ke damun mota kafin bakanike ya buɗe ta. Bara da Kawu ya tashi sauya motoci biyu da suka tsufa, ni na dage a sayo wasu sababbi da wani kamfani yake shigowa da su, wakilinsu yana Kano. Baba Manu ya ce, "Alhaji, a sayi irin wadda muka sani, wadda makanikan Jega suka san cikinta." A gaban direbobi da 'yan lodi na ce masa, "Baba, zamani ya wuce ku, wagga mota kwamfuta ce a cikinta." Aka yi dariya. Kawu ya bi shawarata, aka sayo biyu, aka ba Baba Manu ɗaya. Wata da watanni ina yawo a gari kamar ni na ƙera su.

Ana gab da fara kwasar shinkafa sai aka kira ni daga tasha, wai akwai saƙona daga Kano. Ambulan ce daga kamfanin. Na sa hannu na karɓa, na buɗe a nan tsaye. Da Turanci aka rubuta. Sun ce sun gano matsala a wani bawul da ke raba iska zuwa birkin baya a motocin da aka ƙera a wani tsakanin lokaci, idan mota ta ɗauki nauyi kuma ta yi zafi yana iya maƙalewa, birki ya ƙi kamawa. Sun ce a ajiye motar nan take, kada a yi mata lodi, a kawo ta garejinsu su canza kyauta. Lambobin motocinmu biyu suna rubuce a ƙasa, na duba har sau uku.

Kun san abin da ya fara zuwa mini a rai? Wallahi ba mutuwa ba ce, ba hatsari ba ne. Fuskar Baba Manu ce. Na hango kaina tsaye ina karanta wa Kawu takardar nan a gaban mutanen da suka yi dariya rannan, tsohon yana zaune, kowa ya san wa ya yi gaskiya. Wane irin mutum ne zai karanta cewa birki na iya shanyewa, ya tsaya tunanin kunyarsa? Ni ne. Na ce wa kaina Turawa ne da tsoro, ƙaramin abu sai su kambama. Na ce ai ƙasarmu shimfiɗe take, ba mu da tsaunuka. Na ce bari a gama kaka, mako uku ne, sai in ƙirƙiro dalilin kai su Kano a matsayin duba lafiyar mota, a canza ba wanda ya sani. Na linke takardar na cusa cikin jakar da nake ajiye takardun makarantata. Da mutumin kamfanin ya kira ni bayan kwana huɗu yana tambaya ko saƙo ya iso, na ce masa muna nan tafe.

Sau biyu Baba Manu ya yi mini magana. Na farko ya sauko daga mota yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Ɗana, birkin wagga mota yana jinkiri in ta ɗau kaya. Ina takawa, sai ta yi kamar tana shawara." Na ce masa haka sababbin motoci suke, sai ya saba. Na biyu ya same ni ni kaɗai a ofis, ya sauke murya don kada ya kunyata ni, ya ce ko za a sa wani ya leƙa ta. Takardar tana gida a cikin jaka, na san kowace kalma da ke cikinta, amma na buɗe baki na ce, "Baba, ba motar ba ce, ƙafarka ce ta yi nauyi. Tsufa ne." Ya dube ni, ya ce, "To, mai yiwuwa." Ya fita.

Kwana shida bayan nan, ana idar da sallar azahar aka kira ni. Baba Manu ya taso daga Diggi da cikakken lodi, yana shigowa Kalgo ranar kasuwa, mararraba cike da mutane da mashina. Ya taka birki, ba komai. Ya sake takawa, iska kawai take huci. Ya rage giya, ya danne oda, ya ga idan ya miƙe zai niƙe mutanen da Allah kaɗai ya san yawansu, sai ya karkatar da motar gefen hanya, wajen wata itaciya inda mata kaɗan suke zaune da ƙoren nono. Duk suka watse, ban da ɗaya da ba ta samu miƙewa da wuri ba. Motar ta daki kwalbati ta kife. Lokacin da na isa, buhuna sun fashe, shanshera ta rufe rabin titi, an lulluɓe matar da zanen wata, ana ta saran ƙarfe da gatari don a zaro Baba Manu. Yana ganina ya ce, "Birki, ɗana, birki." Mutane suna ji. Na ce masa ya yi shiru ya yi salati.

An yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. A barandar asibiti a Birnin Kebbi Kawu ya ja ni gefe, idonsa ja, ya ce, "Manu ya ce birki ne. Kai ka san motocin nan, akwai abin da ke gare su?" Nan ne Allah ya ba ni dama ta ƙarshe, kuma na san ita ce. Na ce, "Kawu, sabuwar mota ce." Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma ya isa. Kan motar ya murƙushe, jami'an da suka zo ba su tsaya tona cikinta ba. Kafin mako ya zagayo magana ta zauna a gari: tsoho ne, ido ya yi rauni, wasu ma suka ce gyangyaɗi ya yi. Ban ce ko ɗaya daga ciki ba, amma ban ƙaryata ko ɗaya ba.

Matar sunanta Dije, daga wata ruga kusa da Wurogauri. Na raka Kawu gaisuwa. Mijinta dogo ne siriri, ya shimfiɗa mana tabarma da hannunsa, ya sa aka kawo mana ruwa. Akwai jaririya da wata tsohuwa take jijjigawa a bayan bukka, tana ta kuka, ta ƙi karɓar madarar da ake ɗura mata da cokali. Mijin ya ce, "Mun ji direban ya kauce wa jama'a ne. Ku gaya mishi mun yahe, kwananta ne ya ƙare." Aka ɗaga hannu ana addu'a, ni ma na ɗaga. Me nake roƙo? Wa nake yaudara? A hanyar dawowa na sa aka tsaya na yi amai a bakin gona, Kawu ya ce zuciyata ce mai taushi tun ina yaro.

Abin da ya fi kashe ni ya faru ne bayan an sallamo Baba Manu. Na yi ta kauce wa gidansa har ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure, dungulmin ƙafar naɗe da bandeji, sanda jingine da bango. Ya rame. Bayan mun gaisa ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, "Ɗana, ka yahe mini. Ka gaya mini tsufa ne, ban ji ba. Da na aje tuƙi ranar da ka faɗa, da ɗiyar mutane tana nan tana shayar da ɗiyarta." Na ce, "Baba, ai ka ce birki ne." Ya girgiza kai, ya ce tun yana asibiti yake juya abin, yanzu shi kansa bai tabbata ba ko ya taka da wuri, wataƙila hankalinsa ne ya tafi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana jin ciwon mota da kunne, na sa ya daina yarda da ƙafarsa. Ya ce ya fara azumin kaffara, wata biyu a jere, ga magani da likita ya ce kada ya sha da yunwa. Matarsa ta leƙo ta ce in yi masa magana, tunda yana jin tawa. Azumin da ke wuyana shi yake yi. Na yi masa sallama na fito ban gaya masa gaskiya ba.

To ga inda nake yanzu. Mota ta biyu tana nan, da bawul iri ɗaya a cikinta. Direbanta ya ajiye aiki ya koma kudu, sai Kawu, don tausayin gidan Baba Manu, ya ba babban ɗansa Nasiru makullin. Nasiru yana da mata da 'ya'ya uku, kuma yanzu shi ke ciyar da gidan ubansa. Ya zo har ofis ya durƙusa yana yi mini godiya, yana zaton ni na sa baki. Ya ce babansa ya yi masa nasiha, wai ya riƙa jin maganar manaja, shi ya san motocin zamani.

Kada ku ce ban yi komai ba, na yi ta kame-kame. Na kai motar wurin wani bakanike a Jega a ɓoye, ya canza takalmin birki, ya ce bai ga wani abu ba, don ban gaya masa inda zai duba ba, kuma ko na gaya masa ba shi da kayan. Na ce wa Kawu tayoyi sun cinye, aka ajiye ta mako guda, ya sayo sababbi. Na ce takardun hanya sun ƙare, ya sa aka sabunta a yini ɗaya. Na kira kamfanin, suka ce sai dai a kawo ta Kano ba kaya a kanta, mai motar ya zo da kansa ko ya turo izini a rubuce, kuma aikin zai ɗauki kwanaki. Mutumin ya ƙara da cewa, "Malam, tun kafin kaka ka sa hannu a kan saƙonmu. Ina ɗaya motar?" Na ce mun sayar. Duk ranar da Kawu ya taka garejin kamfanin, a cikin minti biyar zai ji komai.

Dabaruna sun ƙare. Jibi da safe Nasiru zai yi lodi a Diggi, kuma ta Kalgo zai biyo, babu wata hanya.

Na san abin da da yawa za ku ce: ka faɗi gaskiya. Ni ma na sani. Amma ta ina zan fara? In je wurin Kawu, wanda ya ɗauke ni ɗa, in ce masa na kalli idonsa a asibiti na yi masa ƙarya? Yana da hawan jini, ina tsoron abin da zai same shi. Ko in fara da Baba Manu, in ce masa ya sha ruwa, ba shi ya kashe Dije ba, ni ne, kuma ƙafarsa ma ni na ci? Mijin da ya ce ya yafe, direba ya yafe wa, bai san da ni ba, yafiyarsa ta shafe ni? Idan magana ta kai ga hukuma aka ɗaure ni, wa zai riƙe mini yara? Idan kuma na lalata wani abu a injin don motar ta ƙi tashi jibi, na san kwana nawa zan saya da wannan, sannan me? Malamai da ke cikin shafin nan, akwai tubar da ake karɓa alhali wani yana ɗauke da laifinka a bainar jama'a?

Matata ta ga na daina cin abinci, tana zaton asiri aka yi mini, jiya har ta karɓo mini rubutu. Ba wanda na taɓa gaya wa sai ku. Ba zan bari Nasiru ya tada motar nan da kaya ba, wannan na yi wa Allah alkawari, amma ban san ƙofar da zan fara ƙwanƙwasawa ba, kuma duk wadda na nufa sai in juyo. Ɗazu ya turo mini saƙo yana tambaya ƙarfe nawa zai zo ya karɓi takardar lodi, har yanzu ban ba shi amsa ba.

'Yan'uwa, don Allah, kafin jibi, me zan yi?