Kabo Ce Ta Fara Saninsa: Ta'aziyyar Rabaran Ɗanladi Datti

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Makarantar Baftis ta Kabo ta samu labarin rasuwar malaminmu kuma ubanmu, Rabaran Ɗanladi Datti, babban mai wa'azin Baftis, wanda ya rasu jiya a wani asibiti a Kano bayan doguwar jinya.

Mun saurari sanarwar da 'yan'uwanmu na Gwarzo suka bayar a rediyo, inda suka kira shi ɗan Gwarzo, suka lissafa ayyukansa tun daga Kutama har Sabon Birni, ba tare da sunan Kabo ya fito ko sau ɗaya ba. Ba mu zarge su ba, domin kowa ya samu irinsa zai so ya ce nasa ne. Amma Gwarzo ta karɓe shi ne da furfura, mu kuwa mun san shi yana saurayi, yana tura kekensa cikin taɓo zuwa aji. A shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da iyaye suka riƙa janye yara zuwa gona, Baba Rabaran bai yi musu da kowa ba. Sai ya mayar da karatun damina bayan azahar, ya riƙa bin gonaki da fartanya yana taya ɗalibansa noma don su gama da wuri. Da yawanmu da ke riƙe da alli a yau, a bakin kunyar gona ya fara tambayarmu jadawalin lissafi.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, hankula suka tashi, wasu suka ba shi shawarar ya rufe makaranta, ya ce ba ya rufe ƙofa yaran mutane suna ciki. Yawancinmu Musulmi ne, kuma shi da kansa yake korarmu zuwa masallaci idan an kira salla. Malaman Islamiyya na garin nan shaida ne. Shekara guda bayan haka cocinsa ta ɗauke shi zuwa Gwarzo, kuma har yau ba mu daina jin zafin hakan ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, Mama Uwaliya, da babban ɗansa, Malam Jibirin, da ɗaukacin mabiya Baftis na yankin, muna roƙon Allah ya ba su haƙurin jure wannan babban rashi.

Mun ji iyali sun yanke shawarar binne shi a Gwarzo ranar Asabar, kuma mun girmama hukuncinsu. Roƙonmu ɗaya ne ga Mama Uwaliya: idan motar da ta ɗauko shi daga Kano ta iso mararrabar Kabo, ta ratse ta cikin Kabo. Ba za mu tsayar da ita ba. Za mu jeru a bakin titi da 'ya'yanmu, ya wuce ta gabanmu kafin Gwarzo ta riƙe shi har abada.

Sa hannu:
Malam Bashari Ƙasim Kabo
Sakataren Yaɗa Labarai, a madadin Ƙungiya