Na Cire Masa Murfin Kwale-kwale a Daren da Ya Fi Tsawo

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni.

A Jidda aka haife ni, aikina raka masu yawon ƙananan kwale-kwale a ruwan Ubhur, gefen tekun garin. A ƙarshen Disamba kamfaninmu kan shirya fita ta musamman a daren da ya fi kowane dare tsawo a shekara. Kowa da kwale-kwalensa da 'yar fitila, in an kai tsakiya a kashe fitilu a yi shiru ana kallon taurari. Ni ne mai tsaron baya, duk wanda ya makara a wuyana yake.

Ran nan ina raba rigunan ceto sai ga Abu Faisal. Tsohon maƙwabcinmu ne a unguwar Waziriyya, shi ya kai ƙarar mahaifiyata cewa ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, don matarsa ta gaje wurin da take suyar masa. Aka yi mata tarhil, aka tasa ƙeyarta zuwa Kano, can ta rasu ban ga gawarta ba. Bai ma gane ni ba! Cewa ya yi, "Yalla ya walad, ɗaure min." Na ɗaure, na zaga na kwance murfin ramin da ake tsiyaye ruwa a bayan kwale-kwalensa, na sa a aljihu.

Ana kashe fitilu na ji shi. Mutumin da kullum Larabci yake fesawa, sai ga shi da Hausa: "Wayyo Inna, ruwa! Ku taimake ni!" Wallahi na ɗora filafilina a cinya ina saurare, daɗi na ratsa ni. Wa ya taimaki tawa innar? Sai da ya kife ya sha gishiri sannan na je na jawo shi.

Yanzu ga inda na shiga uku. Baba Isa, dattijon da ke duba kwale-kwale kafin fita, shi aka ɗora wa laifin. Kafili, mai kamfanin da muke zaune a ƙarƙashinsa, ya ce halas, magana ta ƙare, ƙarshen mako zai soke masa iƙama. Jiya Baba Isa ya riƙe hannuna yana cewa, "Ɗana, na rantse na murɗa murfin nan. Ko tsufa ne ya fara cin kaina?" Na kasa kallonsa, murfin yana aljihuna.

Abu Faisal kuwa ya aiko min da turare, wai ga wanda ya ceci ransa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban yi nadamar ihunsa ba, har yau nakan tuna in ji sanyi a raina. Amma abin da ya yi wa Inna shi nake shirin yi wa Baba Isa. In na faɗi gaskiya, ni za a kora zuwa ƙasar da ban taɓa takawa ba.

Jama'a, ranar Alhamis za a kira Baba Isa ofis. Ni me zan yi?