Shirun Tanti

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya shago, ya ciwon bayan nan naki? Babu sabis a nan, shi ya sa na ba direbanmu wannan takarda.

Yaya, ɗanki zai raba ni da aikina. Tun da muka kafa tantuna a dajin da muke awon hanya, bai yi barcin kirki ba. Da rana lafiya lau yake a bayana, rana na faɗuwa sai ya buɗe maƙogwaro. Na yi jijjiga, na yi waƙa, na ninka masa bargo, na kare hasken fitila da zane. Na roƙi ma'aikata su bar hira, har tari na hana su. A banza. Tanti kuwa ba bango ba ne, kowa na ji.

Jiya Manaja ya kira ni, idanunsa jawur. Ya ce mutane na gyangyaɗi a bakin aiki, in mako ya ƙare a haka in tattara in koma gida. Kin san wuyar da na sha kafin in samu aikin nan. Wallahi tsoro nake ji.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Muna lafiya, baya na nan yadda kika bar shi. Ai na ce ki bar min yaron, kika ce nono. To, na ji.

Amma ke ma da abin dariya! Tari kika hana mutane? Yaron da ya saba barci a gefen keken ɗinkina, ina takawa, mata na surutu, injin maƙwabci na niƙa? Ba duhu ke damunsa ba. Shirun nan ne, gani yake an watse an bar shi. Ki nema masa ƙara mai tafiya ba tsayawa.

Kuma ki ci abinci, na san halinki in kin sa abu a rai. Allah Ya dafa miki.

Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na gwada rediyo, firgita shi take yi. Janareto kuma da wuri ake kashewa.

Shekaranjiya aka yi ruwa, tantin Manaja ya cika taf, aka dawo da shi dab da nawa. Na ce shi ke nan, tawa ta ƙare. Ashe da dalili ma'aikata suke kafa nasa can nesa. Yaya, munshari! Kamar ana jan buhun tsakuwa a kan kwano. Ɗanki ya tsaya cak da kuka, ya kasa kunne, ya yi hamma. Sai safe.

Yau Manaja ya ce na kyauta, wane magani na ba shi? Na kauda zancen. Ga shi gobe zai mayar da tantinsa inda yake. Ta yaya zan faɗa wa babban mutum haka?

Taki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, direba na jira. Na rufe ido na faɗa masa. Ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Shekara da shekaru matata na kora ta falo saboda abin nan. Yau dai an samu mai so."

Ya hana a taɓa tantin. Ina nan har a gama hanya.

Auta