Rasuwar Maame Dufie, Wadda Ta Bar Wa Likitoci Tsokar Zuciyarta

Cikin alhini, tare da godiya ga Allah da ya ɗauke ta cikin sauƙi, Ƙungiyar Mata Masu Ciwon Zuciya ta Kumasi ta sami labarin rasuwar uwarta kuma shugabarta ta farko, Maame Akosua Dufie, shugabar masu sayar da kyafaffen kifi a kasuwar Kejetia, wadda ta cika da hantsin Laraba, mako biyu da suka wuce, a gidanta da ke Bantama, zaune a kan kujerarta, tana da shekara sittin da tara.

Marigayiya ta shafe shekara goma sha ɗaya tana fama da ciwon ƙirji tun daga lokacin da al'adarta ta ɗauke, kuma duk asibitin da ta je sai a ce manyan jijiyoyin zuciyarta lafiya lau, ta koma gida ta rage tunani, har ta kai dangi suna cewa raki ne kawai. Tana cikin wannan hali ta haɗu da Farfesa Nana Ama Sarpomaa, likitar zuciya mai bincike kan estirojin, wato sinadarin da jikin mace ke samarwa, wanda take nazarin yadda yake taimaka wa zuciya ta tsiro da ƙananan jijiyoyin jini. Farfesa ta gaya mata cewa mai yiwuwa ƙananan nata ne suka gaza bayan sinadarin ya ragu, sai dai hoton asibiti ba ya iya nuna su. Maame ta ce, “To, 'yata, in na mutu ki buɗe ki duba. Ni dai a gaya wa yayana ba ƙarya nake yi ba.”

Daga wannan rana ta zama ta farko da ta miƙa hannu aka ɗebi jininta domin binciken, ta kuma bi rumfa-rumfa tana jawo matan kasuwa, da lallashi da tsiya, har muka kai mu ɗari biyu da sha huɗu. Wadda duk ta ce tana tsoron allura, sai Maame ta ce, “Ke da kika haifi bakwai?”

Ba za mu ɓoye wa jama'a ba cewa kwana biyun farko bayan rasuwar sun yi mana nauyi. A al'adarmu gawa ta dangin uwa ce, kuma shugaban zuriyar, Opanin Kwadwo Bekoe, yayan marigayiya, ya ce ba za a binne ƙanwarsa ƙirji wayam ba, alhali Farfesa ta sanar da mu cewa in aka wuce Juma'a tsokar ta lalace, ba abin da za a gani. Da safiyar Alhamis 'yar marigayiya, Malama Afia Kyerewaa, ta durƙusa a gabansa da takardar amincewa da binciken, wadda uwarta ta dangwala wa hannu, ta ce, “Kawu, ba zuciyar za su ɗauke ba. Abin da za su yanka bai kai farcenka ba.” Opanin ya daɗe yana kallon farcen babban yatsansa, sannan ya ce, “Akosua ba ta taɓa jin maganata ba tana raye. A yi mata abin da take so, amma ina wurin.”

Aka yi, yana tsaye a bakin ƙofa. Da izinin iyali muke sanarwa cewa bayan kwana biyar Farfesa ta kira shi, ta nuna masa a madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa yadda ƙananan jijiyoyin suka ƙuntace, wasunsu kuma suka toshe. Farfesa ta ja kunnenmu cewa zuciya ɗaya ba ta isa a yanke hukunci kan dukkan mata ba, aiki yana gaba. Amma game da Maame, magana ta ƙare: ciwonta gaskiya ne, kuma hankalinmu ya kwanta, mu da muka sha jin irin abin da ta ji.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Mai Girma Opanin Kwadwo Bekoe, da Malama Afia da 'yan'uwanta huɗu, da ɗaukacin zuriyar, da abokan sana'arta, tana roƙon Allah ya ba ta hutu, ya ba su ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi. Iyali za su sanar da ranar jana'iza.

Muna kuma shaida wa membobi cewa ranar Litinin da ta wuce Opanin ya zo ofishinmu da kansa, riƙe da hannun maiɗakinsa, Maame Yaa Konadu, wadda ta yi shekara uku tana kukan ƙirji. Ya ce a rubuta sunanta cikin membobi.

Sa hannu:
Uwargida Abena Gyamfuaa Boakye
Sakatariyar Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Mata Masu Ciwon Zuciya ta Kumasi