Na Biya Wa 'Yata Allon Likitan Ido Ta Haddace

Assalamu alaikum Anti, da duk 'yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, Allah Ya sa kuna cikin ƙoshin lafiya. Don girman Allah a ɓoye sunana, mu 'yan gida da ke zaune da iyali a Alƙahira ba mu da yawa, ana saurin gane mutum, shi ya sa ma na sauya sunan 'yata. Ina roƙo ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. In ma zagin ne ya zo ba na jin zai shige ni, wata uku ke nan ba abin da ke shigata, daɗi ko ɗaci.

Maigidana ma'aikacin ofishin jakadanci ne. Kafin a dawo da mu Masar a 2012 mun yi shekaru a wata ƙasa mai tsananin sanyi a Turai. A can 'yata ta fari, zan kira ta Ummi, ta koyi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda ake ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa a sulalo daga kan dutse a guje, ana kewaya sanduna ja da shuɗi. Da farko ƙi na yi. Na ce me ya haɗa Bahaushiya da ƙanƙara? Sai da na ga kayan wasan, an rufe ta ruf, ko ƙwayar idonta ba a gani. Abbanta ya yi dariya ya ce, "To Malama, sai ki nemo wata hujjar, wannan ai ya fi hijabinki rufa." Malama yake ce mini, saboda na fito Islamiyya da haddar izu talatin, kuma ni na biya wa yaranmu karatunsu duka. Yarinya ta yi ta cin kofuna tana wuce 'ya'yan da aka haifa a cikin ƙanƙarar, har makarantar kwana ta 'yan wasa ta ɗauke ta. Da za mu taho muka bar ta a can a hannun wasu Musulmi da muka yarda da su, tana zuwa mana hutu sau biyu a shekara.

A hutun bazarar 2013 na lura tana yawan murza ido, in za ta karanta lambar mota sai ta ƙanƙance su kamar mai kallon rana. Na kai ta wurin wani tsohon likitan ido a unguwar Abbasiya, hawa na uku, mutum mai furfura da carbi a aljihun riga. Ya ɗauki hoton idon da na'ura, ya zaunar da mu ya ce tantanin da ke gaban baƙin idonta ne yake sirancewa yana yin tsini, na dama ya fi. Ciwon ba ya komawa baya, amma ana iya tsayar da shi: a ɗiga wani magani ruwan ɗorawa, a haska wata fitila, tantanin ya yi ƙwari. Sai dai dole a yi tun yana da sauran kauri, kuma bayan an yi za ta ɗau lokaci tana gani dishi-dishi, ba ita ba hasken ƙanƙara. Ya ce a wasu yaran yakan tsaya da kansa, don haka mu dawo a Disamba. In ganinta ya ragu, aiki nan take. In bai ragu ba, ta je ta yi gasarta, a sake hoto da bazara. Gasar nan kuwa ita ce wadda ta shekara shida tana yi wa shiri, daga ita sai babbar ta duniya, inda take burin shiga da tutar ƙasarmu.

Allon gwajin likitan ba na haruffa ba ne. Zobba ne jere a layi, kowanne da ɗan baki a buɗe, mutum ya faɗi inda bakin ya kalla, sama ko ƙasa, dama ko hagu, suna ƙanƙancewa har ƙasan allon. Sau uku muka je a wannan hutun, ni ina zaune a gefe da jaka a cinya, idona garau. Wallahi ban yi niyyar komai ba. Kan da ya saba da hadda in ya ga abu a jere ɗauka yake yi, ko ba a sa shi ba.

Ta iso a Disamba, saura kwana biyu mu koma asibiti. Da hantsi ina kicin ina tsinkar ganyen mulukiyya, lalonmu na gida ke nan, ta shigo ta jingina da firji, ta rufe idon hagu da tafin hannu ta kalli kalandar da ke bango.

"Umma, da na dama ban ganin kwanakin. Manyan ma rawa suke."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun Oktoba. Ban gaya wa kowa ba. Khalas, shi ke nan Umma, shekara shida ta tafi."

Ba ihu ta yi ba, zamewa ta yi ta zauna a ƙasa, ƙatuwar budurwa mai shekara sha takwas, hawaye na bin kumatunta. Ita 'yar fari ce gare ni, ko sunanta ba na kamawa, ban taɓa rungumarta a gaban mutane ba, na bar ta a ƙasar wasu tana da sha shida. Me na taɓa ba ta da hannuna? Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, hannuna na cikin ganye na ji na ce, "Layi na biyar, sama, hagu, hagu, ƙasa, dama." Ta ɗago ta dube ni. Kukan ya tsaya cak.

'Yan'uwa, da a nan na tsaya da na ce suɓutar baki ce. Amma zama muka yi. Na biya mata layi huɗu na ƙasan allon kamar yadda nake biya mata allo tana ƙarama, in faɗa ta maimaita, in ta yi tuntuɓe in ɗaga yatsa. Bayan azahar muka yi tilawa, bayan la'asar muka sake. Na sa ta karanto daga ƙarshe zuwa farko, don na lura likitan yakan yi tsalle da sandarsa. Abin da ya fi ba ni kunya, ni na ce mata, "Kada ki zuba shi kamar ruwa. A layin ƙarshe ki ɗan tsaya, ki ɓata guda biyu, haka kika yi da bazara." Har dariya ta yi ta ce, "Umma ashe ke 'yar damfara ce ba mu sani ba." Ni ma na yi dariya. Na tashi na yi sallar magariba lafiya lau. Wace irin uwa ce ke tsara wa 'yarta inda za ta yi kuskure don ƙarya ta zauna daidai? Na gaya wa kaina wata uku ne kawai, me wata uku zai yi wa ido?

Ranar gwaji ta karanta kamar yadda aka biya mata, ta tsaya inda aka ce, ta ɓata biyu. Likita ya ajiye sanda ya ce, "Tamam, ya baɗala," wato gwarzuwa, haka yake kiranta. Ya duba takardunta, ya ce ko dai a yi hoton don hankali ya kwanta? Na'urar tana wani reshen nasu, sai an ba da rana, ita kuma jirginta jibi. Ya juyo gare ni ya ce, "Ya Hajja, ke ce uwa, kin ga wani canji a gida?" Na ce, "Alhamdulillahi." Kalma ɗaya. Na ɓuya a bayan godiyar Allah. Ya sa hannu a takardar lafiyarta, ya ce ta kawo masa hoton kofi.

A watan Fabrairu aka kira Abbanta. Ranar gasar gari ya yi lumshi, sama fari ƙasa fari, ba ta ga wani tudu ba sai da ta hau shi, ta yi sama ta faɗo a kan kafaɗa. Ƙashin wuya ya karye. Ba ta ma kai rabin dutsen ba. Da ta iya tafiya aka sako ta jirgi, muka koma Abbasiya, aka yi hoton da ya kamata a yi tun Disamba. Idon hagu an same shi, an yi masa aikin fitilar, ya tsaya. Na dama ya wuce, ya yi siriri da yawa har ya yi tabo a tsakiya. Yanzu sai dashen tantani daga idon wanda ya rasu, muna layin jira, kuma likitoci biyu sun ce ko an yi, wasan da ake faɗuwa a cikinsa ya ƙare mata. Tsohon nan ya cire tabarau ya dafe goshi, ya ce mini, "Ma'alish ya Hajja, ki yi haƙuri, laifina ne. Shekara talatin ina aikin nan ban taɓa ganin ciwon ya yi gudu haka allo bai nuna ba. Da na matsa a kan hoton." Ina tsaye ina kallon bakinsa. Na jira in ji wani abu ya tsinke a ƙirjina, ban ji ba. Na ce masa Allah Ya ƙaddara.

Haka nake har yau. Ina dafa abinci, ina kai ƙannenta makaranta, ina ɗiga mata magani a kan lokaci, in matan ofis sun zo dubiya in kawo shayi in amsa "Allah Ya ƙara sauƙi" da amin. Suna cewa Maman Ummi akwai tawakkali. Hawaye ko ɗigo. In na tayar da salla na kama sura, sai in tsinci harshena yana son ya ce sama, hagu, hagu. Na daina tilawar safe da na shekara ashirin ban fasa ba. Ban ce na ji tsoro ba, ban ce na ji baƙin ciki ba, kamar dai an cika ni da auduga.

Abin da ya sa na rubuto shi ne Abbanta. Mutum ne mai haƙuri, amma tun da ya ji likitan da bakinsa ya ce laifinsa ne, ya kasa zama. Ya samu lauya, an rubuta ƙorafi zuwa hukumar da ke kula da likitoci, cewa an bar yarinya mai irin wannan ciwon ta tafi ba hoto. Lauyan ya ce in aka tabbatar, za a iya dakatar da tsohon daga aiki. Tunda ni ce na shiga ɗakin da ita, ni ce shaida. Shekaranjiya bayan la'asar ya ajiye takardar a kan teburin cin abinci ya ce, "Malama, ki karanta a nutse, ga fassarar a baya. Lahadi zan miƙa. Ba don kuɗi nake yi ba, don kada a yi wa 'yar wani ne." Ya ƙara da cewa, "Na san ke ba za ki sa hannu a abin da ba ki gani ba, shi ya sa nake son naki."

Da ya fita na shiga ɗakin Ummi da takardar. Tana kwance ta juya wa taga baya, haske na damunta. Na ce zan gaya wa Abbanta. Ta tashi zaune.

"Ki gaya masa me? Ni na karanta, Umma. Ke ba ki ce komai ba a ɗakin likitan."

"Na ce alhamdulillahi."

"To ƙarya ce alhamdulillahi? Duba takardar, nuna mini layi ɗaya da ba gaskiya ba. Ya gwada ni da allo, bai yi hoto ba, ya sa hannu. Haka aka yi ko ba haka ba?"

Na ce haka aka yi.

"Na rasa ido, na rasa wasa. In Abba ya ji, gidan nan ma ya tafi. Yadda yake kallonki, ba zai sake ba. Ni ma ba zai sake kallona kamar da ba. Don Allah ki bar mini wannan."

Na koma na karanta takardar sau huɗu, da Larabcin da fassarar. Gaskiyarta, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. To shaidar zur ce in kowace kalma gaskiya ce, amma na san abin da aka bari a waje? Na yi tunanin in ce wa Abbanta mu yafe kawai mu bar wa Allah, amma na san shi, zai tambaye ni dalili, ya dube ni, kuma shekara ashirin ban taɓa iya riƙe idonsa da ƙarya ba. Na yi tunanin in je Abbasiya ni kaɗai in gaya wa tsohon, ko ya samu ya kare kansa, amma ranar da ya faɗa a gaban hukuma ai Abbanta zai ji daga bakin bare, wanda ya fi muni. Malaman da zan iya tambaya a nan duk ɗalibai ne 'yan gida, suna cin tuwo a falona ranar Juma'a, da wane ido zan kalle su?

Ba neman a ce mini ba ni da laifi nake ba, na san abin da na yi. Idon 'yata ba zai dawo ba ko na faɗa ko na yi shiru. Amma akwai dattijo a Abbasiya da ke kwana da laifina a wuyansa, yana shirin rasa aikinsa a kai, akwai kuma yarinyar da na riga na cuta sau ɗaya da sunan tausayi, tana roƙona in sake tausaya mata. Yau Alhamis. Ɗazu da zai fita ofis ya duba takardar ya ga wurin sunana fari, bai yi faɗa ba, ya zaro biro daga aljihunsa ya ɗora a kai ya ce, "Ko naki ne ya ƙi rubutu?"

Don Allah 'yan'uwa, me zan yi?