Ranka Ya Daɗe, a Bar Mamu Sauran Dashen Sai Ruwa Ya Zauna

Zuwa ga Mai Girma Kansilan mazaɓarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da mutanen gida baki ɗaya. Yaya aiki, yaya kuma haƙuri da jama'a? Allah ya taya ka riƙo.

Sunana Lawal, ina tura kurar ruwa a Ƙofar Guga. Karatuna na boko bai wuce aji huɗu ba, in ka ga magana ta karkace a yi mani uzuri. Sau uku ina zuwa ofishinka. Sau biyu aka ce ka fita, na ukun aka ce in jira, na jira tun hantsi har aka kira la'asar. Shi ya sa na rubuta a fili. Ranar zaɓe na tsaya a layi cikin rana na jefa maka ƙuri'a, kuma an ce mamu yanzu da soja ya koma bariki talaka na iya magana. To ga tawa.

Na farko, ina so ka san ko wane irin taro ne kuka shigo. Tun soja na mulki muke yin shi duk shekara a bakin kududdufin bayan ganuwa, babu wanda ke biyan wani. Malam Ɗahiru, tsohon ma'aikacin gandun daji, shi ya tara mu. Ni abin da ya kai ni, igiyar guga ce: duk shekara sai na ƙara mata tsawo kafin ta taɓa ruwa, na tambaye shi dalili, ya ce in zo in ji. A taron ana koya wa mutane haɗa taki da shara da toka. Hajiya Kulu tana nuna wa mata ginin murhun laka wanda ba ya cin itace da yawa. Manoman ƙauyukan kewaye suna musayar iri. A ƙarshe sai a raba dashe.

Dashen nan mu muke renon shi. Muna tsince ledojin fiya wata daga kwatoci, mu wanke, mu cika da ƙasa da taki. Ƙwallon gawo daga kashin awaki muke tsinto shi, don wanda ya bi ta cikin akuya ya fi saurin tsira. Akwai tsamiya, ɗorawa, kanya, aduwa da bedi, wato darbejiya. Ruwan rani duka a kurata ya zo, tafiya biyu kullum kafin in fara neman na abinci.

Ƙa'idarmu biyu ce kawai. Ba a ba mutum dashe sai ya haƙa rami ya tanadi ƙaya ko tsohon kwando na kare shi daga awaki, mun je mun gani da ido. Kuma ba a sa ranar taro sai ruwa ya zauna: Malam ya haƙa ƙasa har gwiwar hannu, ya dunƙule ta, in ta kama jikinta ba ta wargaje ba, to rana ta yi. Kullum yakan ce, ana binne da gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, amma ba a binne da dashe.

Na biyu, abin da ya faru bana. Ruwa ɗaya aka yi, wanda bai ko kwantar da zafin ƙasa ba, sai wakilinka ya zo ya ce kana da babban baƙo, kuma ka ga ya dace a yi taronmu ranar don a ɗaukaka shi. Malam ya ce lokaci bai yi ba. Wakilin ya yi dariya ya ce, "Baba, yanzu siyasa ce, ba a jiran hadari." Washegari mota ta zo ta kwashe fiye da rabin dashen, ta kai bakin titi inda za a yi bikin. Ba mu hana ba, don mun ɗauka tunda kai ne, za a bar mu mu dasa da hannunmu.

Ranka ya daɗe, kana wurin, amma kana cikin rumfa, ni kuwa ina bakin titi, don haka bari in faɗa maka abin da na gani. Samarin da aka ɗauko sun haƙa ramuka da ba su wuce zurfin kwanon sha ba. Suka riƙa jefa dashen a ciki da ledarshi, suna turbuɗewa. Na ce masu a yage ledar, in ba haka ba saiwa ba ta da hanyar fita. Ɗaya ya ce ai ledar ce ke riƙe ruwa. Wani ya ce an umarce su kada a yage, don kada ƙasa ta ɓata wa manya riguna. Da na durƙusa zan yage ta kusa da baƙonka, sai aka ja ni ta wuyan riga aka ce, "Kai mai kura, kauce, kana ɓata hoto." Na kauce. Malam Ɗahiru yana tsaye bayan kujeru tun farko har ƙarshe, babu wanda ya miƙa mashi lasifika, babu wanda ya ce ga wuri zauna. Hajiya Kulu ta zo da kwaɓaɓɓiyar lakarta, ta koma da ita ta bushe. Manoman da suka yo tafiya da iri a ƙulle suka juya da abinsu.

Na uku, bayan an naɗe rumfuna. Ban ga kowa daga cikin masu tafa hannu a bikin ya dawo da ko moɗa ɗaya ta ruwa ba. Ni da mutum biyu muka riƙa bi muna tonowa, muna yage leda, muna sake dasawa. Amma titi ba gida ba ne. Wanda rana ta bari, akuya ta ida. Yau in ka bi ta wurin, waɗanda ke da rai ba su kai yatsun hannuwana ba, sai bakin leda da ke leƙowa daga ƙasa jere da jere. Malam bai zagi kowa ba. Ya bi layin sau ɗaya da sandarshi, ya tsaya kan wani gawo da ya bushe, ya ce, "Wannan da ya ga jikokinka, Lawal." Tun ranar bai sake zuwa bakin kududdufi ba.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Shekaranjiya wakilinka ya dawo ya ce a shirya sauran dashen, mako mai zuwa akwai wani bikin a wata unguwa. Ranka ya daɗe, jiya na haƙa ƙasa da kaina, ko tsawon tafin hannu ban yi ba na tarar da busassa. Kuma sauran nan suna da masu su. Kowane ɗaya an yi alkawarinshi ga wani gida.

Ban ce ka yi da mugun nufi ba. Na fi zaton ba a faɗa maka ba ne, don waɗanda ke kusa da kai ba su taɓa renon ko zogale ba. Saboda haka ina roƙon ka abu uku. Ka hana motar zuwa. Ka bar Malam Ɗahiru ya sa ranar taro kamar yadda aka saba, kuma in da hali ka taka da ƙafarka ka gaishe shi, don dattijo ne, ya girmi mahaifina. Sannan in ranar ta zo, ka zo cikinmu a matsayin ɗan unguwa, za mu yi murna da kai.

In kuwa ka ga dole sai an kwasa, ni ba zan tare mota ba, ba ni da ƙarfin haka, wurin renon dashen ma ko ƙofa ba shi da ita, dannin kara ne. Sai dai ka haɗa ni da wanda zai bi gida gida ya yi bayani. Akwai tsofaffi da matan kulle da suka haƙa ramuka a tsakar gidajensu tun azumi, suka kewaye da ƙaya, duk sanda na kai ruwa sai an tambaye ni daga bayan ƙyaure ko ranar ta matso. Zan nuna mashi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Amma faɗin, shi zai faɗa, bakina ba zai iya ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya haɗa ka da mashawarta masu faɗa maka gaskiya, ya sa ka sauka lafiya da mutuncinka. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Naka mai biyayya,
Lawal mai kura, Ƙofar Guga, Katsina.

Wassalam.