Kwalbar da Ka Aiko wa Inna

Farin Dutse, Gwaram
4 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Munzali,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Birnin Kudu, ya kasuwa? Da fatan kana lafiya, Likita, tunda yanzu ka zama likita ba mu da labari.

'Yar kwalbar man nan mai ƙanshin lemon tsami ta iso. Ka ce wa Inna a waya yana maganin ciwon gwiwa. Ita kuwa a wurinta mai ai na shafawa ne, sai ta mulke gwiwoyi da hannuwa, ta fita shanyar riɗi da tsakar rana. Kafin la'asar fatar ta tashi kamar an zuba mata ruwan zafi.

Malama Na'ima ta asibiti ta karanta mana jikin kwalbar. Ashe na ƙamsasa ɗaki ne, ɗigo biyu a ruwa. In za a shafa sai an sirka da wani man, kuma ba a shiga rana da shi. Turancin da kake mana fankama da shi bai kai nan ba ke nan?

Inna ta ƙi dainawa. Wai ciwon ne ke fita, ɗanta ba zai aiko mata da cuta ba. Ka kira ta ka janye maganarka, kai kaɗai za ta ji.

Yayarka,
Hapsatu

21 ga Oktoba

Munzali,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka. Takardarka ta zo, shafi biyu a kan jahilcin mutanen ƙauye, ba layi ɗaya na ya jikin Inna. Kiran ma ka kasa. Wallahi na ji kunyar haɗa uwa da kai.

To, jahilar ta yi dabara. Na tsiyaye man naka a masai, na cika kwalbar da man gyaɗa da ɗan ɓawon lemo. Gyambon ya kame. Inna tana bin gida-gida tana sa maka albarka, wai maganin Munzali ya warkar da ita. Na ƙyale ta, don rabon da in ga fara'arta haka tun rasuwar Baba.

Yanzu mata uku sun karɓi lambarka. Ka sayar musu ko kwalba ɗaya, ni kuma in faɗa wa Inna abin da ke cikin tata.

Ka huta lafiya.
Hapsatu